Wace Tsakuwa Za Ka Saya Wa Lambun Tsakar Gidanka a Legas?

Masu gidaje da yawa a Agege, Idi-Araba da Ajah sun gaji da biyan mai yankan ciyawa duk mako biyu, ga interlok ya yi tsada, sai suka koma zuba tsakuwa da dasa shuke-shuke a cikinta. Shawara ce mai kyau, amma lambun tsakuwa an san shi ne a wuraren da ruwa ke ƙaranci. Legas kuwa ruwa ne ya yi mata yawa, musamman daga Afrilu zuwa Yuli. Don haka tambayar da za ka riƙa yi wa kowace tsakuwa ita ce: idan an kwana ana ruwa, za ta bar shi ya wuce, kuma za ta zauna inda aka zuba ta?

Yawancin abin da ake sayarwa a nan fasasshen dutse ne daga wuraren fasa dutse na wajen Abeokuta da Ibadan, kuma da inci ake kiran girmansa.

Garin dutse shi ya fi araha, kuma shi ne ya fi cutar mai lambu. Da ya sha ruwa sai ya daskare kamar daɓe, ruwa ya kwanta a kansa, irin ciyawa ya samu wurin tsira. A bar wa masu bulo da masu shimfiɗa interlok. Kwata inci, wato kusan milimita 6, yana da daɗin takawa, amma ruwan indararo na kwashe shi zuwa lambatu, yana maƙalewa a ƙasan takalmi ya shigo falo, kyanwoyin unguwa kuma su mayar da shi makewayi.

Rabin inci, milimita 12 zuwa 13, shi muke ba da shawara ga inda za a yi dashe da inda ƙafa ke bi. Yana da nauyin da ruwan sama ba ya motsa shi, ƙofofin da ke tsakaninsa na tsotse ruwa nan take, samansa kuma na bushewa da wuri, irin ciyawar da iska ta kawo ya rasa danshin da zai tsiro. Ana iya share busasshen ganye a kansa da tsintsiyar kwakwa ba tare da an kwashe rabinsa ba. In ba a samu ba, uku bisa takwas na iya maye gurbinsa.

Uku bisa huɗu, kusan milimita 20, na inda mota ke tsayawa ne, domin ba ya shiga zanen taya. Sai dai da silifas ko ƙafa ba takalmi, kamar mai fita alwala da asuba, za a ji a jika. Daga inci ɗaya zuwa sama kuwa ganye da datti na faɗawa tsakanin duwatsun su ruɓe, ba tsintsiyar da za ta fito da su, bayan damina biyu ka ga ciyawa ta tsiro a cikin takin da ya taru. Wurinsa ƙarƙashin indararo, inda ake son abin da zai karya ƙarfin ruwa.

Akwai kuma mulmulalliyar tsakuwar rafi da farar nan ta ado da ake sayarwa a buhu. Mulmulalliya ba ta kama juna, tana gudu a ƙarƙashin ƙafa, tsoho ko yaro na iya zamewa. Fasasshen dutse mai kusurwa kuwa yana cije juna ya zauna. Fara tana da kyau ranar da aka zuba ta, amma a inuwa da danshin Legas gansakuka ke mayar da ita koriya. In ido ya biya, a sayi buhu biyu ko uku a zagaye gindin shuka a inda rana ke bugawa, kada a shimfiɗe fili da ita.

Lissafin yawa ba wuya. Kaurin santimita 5 ya isa ga rabin inci. Ƙasa da haka ƙasa za ta leƙo, fiye da 7 kuwa ƙafa na nutsewa. Fili mai mita 4 da mita 5 murabba'in mita 20 ke nan, a ninka da 0.05, ya ba da kubik mita ɗaya, wanda nauyinsa ya kai kusan tan ɗaya da rabi. Wato tan ɗaya na rufe murabba'in mita 13 ko kusa da haka. A ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda abin da zai nutse. Tifa ta fi buhu sauƙi nesa ba kusa ba, amma ƙaramin gida ba ya cinye lodinta, gara a haɗa kai da maƙwabci. Kafin a biya, a tambaya ko kuɗin ya haɗa da sufuri da saukewa, a nemi takardar awon nauyi, kuma a ɗebi tsakuwar a hannu a jiƙa ta: idan tafin hannu ya yi fari fat da gari, an cakuɗa ta, sai an wanke. A wasu unguwanni ma 'yan omo-onile, wato masu karɓar kuɗi da sunan su ne 'ya'yan masu ƙasar, na jiran duk tifar da ta shigo layi, a sa wannan a lissafi.

Shirin ƙasa ya danganta da unguwa. A Lekki da Ajah rairayi ne, ruwa na wucewa, amma ruwan ƙarƙashin ƙasa na kusa, saboda haka a ɗaga wurin dashen da santimita 15 zuwa 20. A wajen Agege da Ikeja jar ƙasa ce mai riƙe ruwa, sai a kafce ta zurfin shebur ɗaya a gauraya da yashi mai kaushi. Ko ina ne, filin ya gangara daga jikin bango zuwa lambatu, santimita 2 a kowace mita, a kuma kafa baki na bulo ko kankare da zai tare tsakuwar. Aya-aya, kiri-kiri da tofa sai an tono su da saiwa. Aya-aya na da 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa, guda ɗaya aka bari zai huda ya fito. Bayan an tone, a ba filin ruwa, a jira mako biyu, a sake cire abin da ya tsiro.

Kada a shimfiɗa baƙar leda a ƙasa. Tana tare ruwa, saiwa ta ruɓe, sauro ya samu gida. Akwai ƙyalle na musamman mai barin ruwa ya wuce, wanda ake kira jiyotestil. A hanyar ƙafa da wurin mota yana hana tsakuwa nutsewa cikin laka. A wurin dashe mai yawa ana iya ƙin shimfiɗa shi, domin yana takura shukar da ke yaɗuwa.

Shukar da za a saya wajen masu fulawa na bakin titi ta zama mai jure zafin dutse da rana. Moda ta fi kowa haƙuri, rana ko inuwa. Alobera, bogenbiliya (fulawa mai ƙaya da ke hawa katanga) da lalle na son rana sosai. Jema na riƙe ƙasa a gefen da ruwa ke zaizayewa. Kariya, wadda mutanen arewa suka sani, tana fure da kyau, amma ruwan Yuni na ruɓar da gindinta, sai a kan tudu ko cikin tukunya, kuma ruwan jikinta guba ne, a nisanta ta da yara da awaki. Jema da lalle a dasa su a farkon damina, su kariya da alobera kuwa a jira ƙarshen Oktoba.

Dashe ake fara yi kafin a zuba tsakuwa. A yaga ledar da shukar ta zo a ciki, a dasa ta yadda saman ƙasarta zai ɗara na fili da santimita 2 zuwa 3, a bar tazarar santimita 40 zuwa 60 tsakanin ƙanana, mita ɗaya da rabi ga bogenbiliya. Sannan a kifa bokiti a kan kowace shuka, a zuba tsakuwa da baro, a baje da manjagara, a ɗauke bokitin a gyara gindin da hannu. Ban ruwa kowane kwana biyu ko uku na tsawon mako shida in babu ruwan sama, a gindi, da safe ko bayan la'asar lokacin da dutsen ya huce.