Shagon unguwa ko babban kanti: amsa ga mai tambaya kan cefanen wata

Malam, ka ce kai ma'aikaci ne mai karɓar albashi a ƙarshen wata, kana zaune a Kano da iyalinka, kuma kana so ka san inda ya fi dacewa ka riƙa sayen kayan masarufi, shagon da ke bakin layinku ko kuwa manyan kantuna irin su Sahad da Jifatu, inda ake shiga da kwando a zaɓi kaya. Wasu 'yan'uwa sun amsa maka da cewa babban kanti ya fi araha, wasu kuma suka ce kanti wurin masu hannu da shuni ne. A ganina amsoshin biyu duk sun tsaya a kan farashi, alhali abin da ya kamata a fara dubawa shi ne yadda kuɗi ke shigowa gidan mutum da yadda suke ƙarewa kafin wata ya mutu.

Bari dai mu fara da farashin, tun da shi aka fi ja-in-ja a kai. Mai shagon unguwa yawanci a kasuwar Singa yake yin sari. Zai sayi katan ɗin taliya, da kwalin sabulu, da buhun sukari, ya biya ɗan dako, ya biya adaidaita sahu ko kurkura, sannan ya zo ya farfasa kayan ya sayar ɗaiɗai, kuma dole ne kuɗin hanyar nan ya hau kan kaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan kuɗin hanya ya zama abin lissafi sosai. Babban kanti kuwa yana ɗaukar kaya da yawa daga manyan dillalan kamfanoni, saboda haka a kayan gwangwani da na kwali, irin su madara, da man girki na galan, da garin sabulun wanki babbar leda, sau da yawa za ka same shi ya ɗan fi sauƙi. Sai dai sauƙin nan na wanda ya sayi babba ne, kuma ya sayi da yawa a lokaci guda. Wanda ya hau abin hawa daga Rijiyar Zaki ko Hotoro ya je ya sayo abu biyu ko uku, ragin da ya samu ya riga ya bar shi a hannun direba. Akwai kuma abin da magidanta ba sa sawa a lissafi: duk wanda ya shiga kanti da yara, da wuya ya fito ba tare da biskit ko cakulan ɗin da bai yi niyyar saye ba.

Farashin da aka manna a jikin kanta alheri ne ga mai saye, domin yana hutar da shi daga tayi da fargabar ko an duba tufafinsa kafin a faɗa masa kuɗi. Amma ya kamata ka riƙa gwada shi da abin da rasit ya nuna kafin ka bar wajen biya. A watan Fabrairun 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta rufe wani babban kanti a Abuja na ɗan lokaci bisa zargin cewa kuɗin da ake caja ya saɓa wa wanda aka rubuta a kan kanta, kuma a lokacin da farashi ke sauyawa kusan kowane mako irin wannan saɓani yana iya faruwa ko da ba da gangan ba.

Inda shagon unguwa ba shi da abokin karawa shi ne aike da bashi, kuma a nan ne nake ganin masu yabon kanti ba su yi masa adalci ba. Gidajenmu da yawa uwargida ba ta fita cefane, yara take aika. Za ka ga yarinya ta tsaya a bakin kanta da kwalba a hannu ta ce, "Wai in ji Umma a ba ta man gyaɗa rabin kwalba da Maggi da ƙullin sukari, Abba zai biya idan ya dawo." Mai shago ba zai tambayi komai ba, zai auna man, ya jawo tsohon littafin da ke ƙarƙashin kanta, ya buɗe shafin gidan ya rubuta. Babu wani babban kanti da zai yi maka haka, kuma babu wanda zai fasa leda ya sayar maka da cokali biyu na tumatir ko ƙwai ɗaya. Ga ma'aikacin da albashinsa kan makara, ko ya ƙare tun ana saura kwana goma, wannan littafi shi ne ke hana tukunya sauka daga murhu.

An ga amfanin wannan sanayya a farkon shekarar 2023, lokacin da tsabar kuɗi ta yi wuya bayan an sauya fasalin takardun naira, tiransfa kuma ta riƙa maƙalewa. A babban kanti, idan na'urar POS ta ƙi karɓar katinka, sai ka ajiye kwandon ka fita komai daɗewarka kana hulɗa da su, domin mai karɓar kuɗin ma'aikaciya ce da ba ta da ikon ɗaga maka ƙafa. A unguwa kuwa masu shaguna da dama sun riƙa bai wa mutanen da suka sani kaya har sai kuɗin ya shiga.

Bashin nan dai yana da nasa tsadar, kuma ba a rubuta ta a littafi. Wanda ake bi ba ya iya neman ragi, ba ya iya cewa burodin kwanan jiya ne, ba ya kuma iya tsallake shagon ya saya a na gaba ba tare da jin nauyi ba. Mai shago yana sanin ranar da aka sauya shinkafa da garin kwaki a gidanka, kuma ba kowane mai shago ne ke iya riƙe bakinsa a majalisa ba. Abin da ya fi haddasa rigima shi ne a rubuta sunan kaya ba a rubuta kuɗinsa ba, sai ranar biya a yi lissafi da sabon farashi, mai shago yana cewa da sabon farashin zai sake saro kayan, mai gida kuma yana cewa ba haka aka sayar masa ba. Kowannensu yana da hujjar da za a saurara, amma malaman fiƙihu sun sharɗanta a san kuɗin kaya tun lokacin ƙulla ciniki, kuma aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi. Saboda haka idan za ka buɗe shafi, ka nemi a riƙa rubuta kwanan wata da adadin kuɗi, uwargida ma ta ajiye nata ɗan littafin, domin yaro kan ƙara alawa a kan aike ba da sanin kowa ba.

Ta fuskar ingancin kaya, ba zan ba ɗaya gaskiya gaba ɗaya ba. Zafin Kano a watannin Maris zuwa Mayu yana kai digiri 40 har ya haura, kuma shagon da aka yi da kwano ko kwantena, ga wuta ba ta tsayawa, ba wurin ajiyar bota ba ne, ko yogot, ko madarar jarirai. Irin waɗannan kaya, da duk abin da ke buƙatar sanyi, na fi natsuwa da sayensu a kanti mai janareta, inda mutum zai ɗauki gwangwani da hannunsa ya juya shi, ya duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi ba tare da wani ya tsare shi da ido ba. Amma a abin da ake saye kullum, kamar burodi, da ƙwai, da ruwan leda, shagon unguwa mai ciniki yakan fi sabon kaya, domin ba sa kwana biyu a wurinsa. A kanti ma akwai kayan waje masu tsada da ke daɗewa a kan kanta, kuma idan ka ga an karya farashin wani abu sosai, ka fara duba wa'adinsa kafin ka yi murna. Mayar da kaya kuwa, a unguwa fuskarka ta isa shaida, a kanti sai da rasit, wani kayan ma ba a karɓarsa idan ya fita. Alawa a madadin canji, wannan kam duka biyun suna yi.

Akwai kuma kayan da bai kamata ka saya a ko ɗaya daga cikinsu ba idan da hali. Gero, da masara, da wake, wurinsu kasuwar hatsi, Dawanau ga mai sayen buhu, ko kasuwar da ta fi kusa da kai ga mai sayen kwano, inda za ka damƙi hatsin ka duba ko ƙwari sun huda shi, a auna a gabanka, har a yi maka gyara. Tumatir da attaruhu da albasa kuma, abin da aka naɗe a leda a kanti ba zai kama ƙafar na kasuwar 'Yankaba ba, a araha ko a ɗanyantaka. Idan kuna da maƙwabta biyu ko uku da kuka yarda da juna, ku haɗa kuɗi ku sayi katan a Singa ku raba, sai ku samu farashin da mai shago da kansa yake saye.

Ga mai albashi irinka, Malam, abin da nake ganin ya fi shi ne ka yi babban cefane sau ɗaya idan albashi ya shigo, kayan gwangwani da na wanki da na sanyi a kanti, hatsi a kasuwa, sannan ka bar wa mai shagon layinku cinikin yau da gobe ko da ya ɗara da 'yan nairori, kuma ka riƙa biyansa hannu da hannu a lokacin da kake da shi, domin wanda bai taɓa ganin kuɗinka ba zai yi nauyin hannu ranar da ka aiko neman bashi. Idan kuma akwai sunanka a littafinsa, ka fara biyansa kafin ka nufi kanti, saboda daga bakin shagonsa yana ganin lokacin da adaidaita sahu ke sauke ledoji a ƙofar gidanka, shi kuwa da kuɗin da ke hannunka zai koma Singa ya yi sari.