Bangkok ko Isan: Ina Za a Yi Binciken Zamantakewa a Tailan?

Ɗalibai na yawan tambaya ko su zauna a Bangkok ko su nufi Isan, arewa maso gabashin ƙasar.

Bangkok na da jami'o'in Chulalongkorn da Thammasat da ofishin ƙididdiga na ƙasa, amma haya akwai tsada. Isan da araha, sai dai hirar ƙauye da karin harshen Lawo (na ƙasar Laos) ake yi, dole a nemi tafinta. Matasa kuma sun tafi ci-rani, sai bikin Songkran (sabuwar shekarar gargajiya ta Tailan) na Afrilu ake cim musu a gida.

Ko'ina a kiyayi sashe na 112 na dokar laifuka ta Tailan: taɓa mutuncin sarki na jawo ɗaurin shekara 3 zuwa 15.

Mai nazarin hukumomi Bangkok ta fi masa. Mai bin ci-rani da siyasar karkara, Isan.