Sunan kasuwanci ko Limited: wanne ya fi sauƙin ɗawainiya?

Ɗan'uwa, ka ce kai da abokinka kun haɗa manhajar kai saƙo a Kano, kwastomomi sun fara shigowa, yanzu kuna tsakanin yin rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, da buɗe kamfani mai Limited, kuma fargabarka kada takardu su cinye muku lokacin aiki.

Ranar rajista ba ta da wani nauyi. Dukansu a shafin CAC ake cikewa, na sunan kasuwanci ya fi araha da sauri. Ɗawainiyar tana farawa ne bayan satifiket ya shigo hannu.

Sunan kasuwanci zai ba ku lambar BN, ku buɗe asusun banki da sunan. Abin da CAC take nema bayan haka shi ne rahoton shekara, kafin 30 ga Yuni. Harajinku kuma na kuɗin shigar mutum ne, kowa a kan rabonsa, hukumar tara haraji ta jiha yake biya wa, wato KIRS a wajenku. Sauƙi kam akwai shi. Sai dai doka ba ta raba ku da kasuwancin ba. Yau ɗan babur ɗinku ya ɓatar da kayan wani na miliyoyi, ko bashi ya taru, ku za a bi, har kan motarka da filinka. In abokinka ne ya ci bashin da sunan kasuwancin, kai ma ka shiga. Kuma babu hannun jarin da za ku yanka wa mai son zuba kuɗi.

Limited lambar RC yake bayarwa, kuma a idon doka kamfanin mutum ne mai zaman kansa: shi yake cin bashi, shi ake kai ƙara. Mafi ƙarancin jarin da ake rubutawa naira 100,000 ne, a raba shi hannaye tsakaninku. Mutane da yawa har yanzu tsohuwar dokar suke tsoro, alhali dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta sauke wa ƙaramin kamfani kaya sosai. Ba dole ya naɗa sakataren kamfani ba, ba dole ya ɗauki odita ba, ba dole ya kira babban taron shekara ba. Ƙarami a nan shi ne wanda cinikinsa bai wuce naira miliyan 120 a shekara ba, kadararsa ba ta wuce miliyan 60 ba, kuma babu ɗan ƙasar waje cikin masu hannun jari. Ka riƙe wannan na ƙarshen: ranar da wani mai zuba jari daga waje ya shigo, rangwamen ya tafi.

Inda Limited yake cizo shi ne haraji. Na tarayya ne, a hukumar da aka sani da FIRS, wadda ta koma NRS daga Janairun 2026. Ƙaramin kamfani a ma'aunin dokar haraji, wanda ba ɗaya ba ne da na CAMA, ba ya biyan harajin riba, amma dole ya miƙa bayanan asusunsa cikin wata 6 bayan rufe shekararsa, ko da ko sisi bai ci ba. A nan ake yawan faɗawa rami. Mutum ya ji an ce an yafe masa, ya naɗe hannu, sai ranar da ya je neman takardar shaidar biyan haraji don wata kwangila, a zaro masa tarar jinkiri ta shekarun baya. Haka ma rahoton CAC: ka ƙi kaiwa, duk wanda ya duba sunanku a shafinsu zai ga an rubuta ba ya aiki, kuma bankuna suna dubawa.

Abin da ya shafi ma'aikata kuwa, babu bambanci. Kun ɗauki mai albashi, harajin da kuka cire masa sai ya isa jiha kafin 10 ga wata mai bi, ga kashi 1 cikin 100 na albashi ga NSITF, asusun biyan diyyar ma'aikata, in kun kai mutum 15 fansho ya zama tilas, kashi 10 daga gare ku, 8 daga ma'aikaci.

Da kai kaɗai ne kana gwada kasuwa, da na ce ka tsaya a BN. Amma ku biyu ne, kayan mutane kuke ɗauka, kuma manhaja ce. Dokar sababbin kamfanonin fasaha ta 2022, wadda hukumar fasahar sadarwa ta NITDA take kula da ita, kamfanin Limited da bai wuce shekara 10 ba kawai take bai wa shaidarta. Komawa Limited daga baya kuma sabuwar lamba ce, sabon asusun banki, sake takardu da duk wanda kuke hulɗa da shi. Ni dai Limited zan ce muku.

Ƙarin nauyin nasa akanta na wucin gadi zai ɗauke shi, wanda zai riƙa leƙo ku duk wata uku, in dai kun raba kuɗin kamfani da na aljihu kuna kuma ɗaukar hoton kowane rasit. Kafin ku cike fom, ku zauna ku rubuta kason kowa, don CAC za ta tambayi sunan duk mai kashi 5 ko fiye.