Lauyan kyauta na Legal Aid a Abuja: yadda yake aiki a shari'ar kisan da ba na ganganci ba

Iyalin da aka kama ɗansu da laifin kisa a Abuja, kuma ba su da kuɗin ɗaukar lauya, wuri na farko da ya kamata su nufa shi ne Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka fi sani da Legal Aid, mai hedikwata a Garki. An kafa ta a 1976, yanzu tana aiki da dokar 2011, kuma shari'ar kisa na cikin abin da dokar ta ɗora mata. An yi ta ne domin wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 a wata tun 2024. A ganinmu aikinta na da amfani ƙwarai, da sharaɗin a je da wuri.

Dalilin gaggawar yana cikin dokar hukunta laifuka ta Final Kod (Penal Code) da ake aiki da ita a Abuja. Sashe na 221 shi ne kisan da hukuncinsa kisa ne. Sashe na 222 ya jero halayen da ke sauko da laifin: tsokana mai tsanani ta ba-zata da ta sa mutum ya fita hayyacinsa, wuce gona da iri wajen kare kai, faɗan da ya ɓarke nan take ba tare da shiri ba, da aikin garaje ko sakaci da ya jawo mutuwa. Waɗannan sashe na 224 ke hukunta su, da ɗaurin rai-da-rai ko ƙasa da haka, ko tara, ko duka biyun. Tazarar da ke tsakanin sassan nan ita ce tazarar rai da mutuwa, kuma sau da yawa a caji ofis ake yanke ta, a cikin bayanin farko.

Ɗauki ɗan dako a kasuwar Dei-Dei da aka fara kai wa duka, ya ɗaga katakon da ke gefensa ya rama sau ɗaya. Ya yi bayani da Hausa, ɗan sanda ya rubuta da Turanci, aka taƙaita shi zuwa "na buge shi da katako a ka, ya faɗi", ya dangwala yatsa. Wa ya fara duka, daga ina katakon ya fito, minti nawa tsakanin zagi da bugu, duk sun ɓace. A nan lauyan hukumar ya fi amfani. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ba wanda ake zargi damar yin bayani a gaban lauyansa ko jami'in Legal Aid, ta tanadi tafinta, ta kuma yi maganar ɗaukar bidiyon amsa laifi. Lauyan da ya iso kafin a rubuta komai yana iya tsayawa a kan waɗannan. Wanda aka kira bayan wata uku sai dai ya yi ta fama a kotu kan cewa ba da son rai aka yi bayanin ba, kuma wannan doguwar hanya ce.

Inda aikin ke tafiyar hawainiya shi ne bayan an kai mutum gidan gyaran hali na Kuje. Kotun majistare ba ta da hurumin shari'ar kisa, umarnin tsarewa kawai take bayarwa, kwana 14 a karon farko, ana iya sabuntawa, kafin ofishin Daraktan Gabatar da Ƙararraki ya ba da shawara kan fayil ɗin. Lauyoyin hukumar ba su kai yawan masu buƙata ba, don haka kada iyali su miƙa takarda su koma gida suna jira. A karɓi sunan lauyan da aka ba fayil, a riƙe sunan caji ofis da na ɗan sanda mai bincike, da ranar kamu, da ranar da wa'adin tsarewa zai cika. A nemo shaidu tun ba su watse ba, musamman a kasuwa ko tasha. In wanda ake zargi ya ji rauni, a ɗauki hoto a nemi katin asibiti, domin shi ne zai nuna faɗa aka yi.

Batun beli kuwa, lauyan kirki zai faɗa muku gaskiya: in an kai tuhuma ƙarƙashin sashe na 221, alƙalin Babbar Kotu kaɗai ke iya bayarwa, shi ma sai da dalili na musamman kamar tsananin rashin lafiya ko jinkirin da ya wuce shekara. Ƙarƙashin 224 ƙofar ta fi buɗewa.

Abu biyu ne iyalai kan yi wa mummunar fahimta har su zargi lauya. Tsokana ba ta wanke mutum, rage laifin take yi. Kare kai da bai wuce kima ba ne ke sa a sallama. Yafewar dangin mamaci kuma, ko da an biya diyya, ba ta rufe shari'a, domin gwamnati ce mai ƙara. Duk da haka a rubuta sulhun a ba lauya, yana amfani wajen roƙon sassauci ko yarjejeniyar amsa ƙaramin laifi da sashe na 270 na dokar 2015 ya halatta. Kafin a sa hannu kan irin wannan yarjejeniya, a nemi lauya ya karanto ta da Hausa, ya faɗi sashen da za a amsa da shekarun da ake magana a kai.