Kallon hasken aurora: Toromso, Abisko ko Aisilan?

Tun da na saka hotunan hasken aurora da na ɗauko a Facebook ban samu sakat ba a shagona na Birnin Kebbi. Wani ya ce kwamfuta ce ta zana su. Alhajin da nake ɗaukar wa hoton bukin 'ya'yansa kuwa zaunar da ni ya yi ya ce, "Kai yaro, ina ake zuwa, kuma da me ake ɗauka?" To Alhaji, ga amsarka, sauran jama'a ma su ƙaru.

Hasken gaskiya ne. Rana ce ke feso ƙwayoyi masu caji, maganaɗisun duniya ya ja su can ƙuryar arewa, su yi karo da iskar da ke sama kimanin kilomita 100, sai sararin ya kama da kore, wani sa'in har da ja. Daga ƙarshen Satumba zuwa Maris ake farautarsa, lokacin da dare ke da tsawo.

Ni dai Toromso ta ƙasar Norwe na zaɓa, kuma gobe ma ita zan koma. Daga Oslo tafiyar kusan awa 2 ce a jirgi. Garin yana bakin teku, shi ya sa sanyinsa ke da dama-dama, ko da yake dama-damar can ta sa hunturun Argungu ya koma wasan yara. Akwai masallaci, akwai Musulmi da za su nuna maka inda ake samun naman halal. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa sam, don haka kada ka yi ta ƙirge-ƙirgen lokacin salla kai kaɗai, je masallaci ka karɓi jadawalinsu. Aibin Toromso gajimare ne. Amma masu yawo da baƙi sun san maganinsa: idan gari ya rufe sai su kwashe ku a mota su nausa wajen iyakar Finlan, inda sama ke buɗewa. A can na ga hasken, wajen ƙarfe 11 na dare, yatsuna ba sa ko lanƙwasuwa.

Abisko ta Siwidin ce kaɗai ke iya ja da Toromso, domin samanta ya fi washewa, sai dai ƙauye ne, sanyinsa kuma ba ya jin bari. Aisilan iska da tsada. Robaniyemi ta Finlan a Disamba cinkoson 'yan yawon Kirsimeti. Kanada da Alaska kuwa wata bizar ce daban, ga nisa.

Kayan aiki: kyamarar da kake ɗaukar buki da ita ta isa, in dai tana barinka ka saita ta da hannu. Buɗe idon kyamarar zuwa f/2.8, ISO (ƙarfin jin haskenta) tsakanin 1600 da 3200, ka ba ta daƙiƙa 5 zuwa 15. Wayoyin zamani masu yanayin dare ma suna taɓukawa. Ƙafa uku ta ɗora kyamara dole ce, batir kuma a aljihun ciki, jikin fata, don sanyi na shanye shi kamar an tsiyaye.

Yanzu ga inda aka cuce ni. Kafin tafiya na sayi memori a kasuwa, an rubuta 128GB, cikin kwalinsa mai sheƙi, a rabin kuɗi. Mai shagon har rantsuwa ya yi. Daren da hasken ya fi kyau na ɗauki hotuna fiye da ɗari biyu, na koma masauki na saka a kwamfuta, sai ga sunayensu a jere amma ba sa buɗuwa. Ashe ƙaramin memori ne aka yi wa dabara yake nuna babba, da ya cika sai ya riƙa cinye na baya. Hotunan da kuka gani na dare na uku ne, da memorin aro. Don Allah kafin ka bar gida ka cika sabon memori maƙil da bidiyo, ka buɗe na farko da na ƙarshe.

Sannan dillalan biza. Kuɗin bizar Shengen, wadda ake shiga Norwe, Siwidin, Finlan da Aisilan da ita, Yuro 90 ne, kuma ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Duk wanda ya ce yana da hanya a ofishin jakadanci, ko zai haɗa maka takardar otal ta bogi, kuɗinka zai ci, sunanka kuma ya ɓaci. Haka mai tallan "tabbas za ka gani". Ba wanda ke da iko da gajimare, shi ya sa ake ware dare huɗu ko biyar. Hotunan tallansu ma an ƙara musu gishiri: ido sau da yawa fari-fari yake fara gani kamar hayaƙi, kyamara ce ke fito da koren.

Alhaji ya ce sai bayan ya ga farashin rigar sanyi zai yanke shawara.