Gwadon overshot na makarantun duwatsun Appalachia: abin dubawa kafin a saya

Wannan gwado na rufa gado, wanda ake kiran saƙarsa overshot saboda ulun zanen yana tsallake zaren tsaye, ya cancanci tsadarsa, amma fa idan saƙar ta yi. Sana'ar ta kusa mutuwa a duwatsun Appalachia na Amurka bayan zuwan yadin masana'anta. Kwalejin Berea da makarantun karkara irin su Hindman, wadda aka kafa a 1902, da Pine Mountain a 1913, duk a jihar Kentucky, su suka farfaɗo da ita: suna koyar da saƙa, suna nema wa matan ƙauye kasuwa. Har yau shagon Allanstand da ke birnin Asheville a jihar North Carolina, wanda wata 'yar mishan mai suna Frances Goodrich ta assasa, yana sayar da aikin masaƙan yankin.

Allera huɗu ake saƙa shi da su, da ƙoshiya biyu. Zaren tsaye auduga ne, galibi mai lambar kauri 10/2, sili 24 a kowane inci. Ƙoshiya ɗaya tana ɗauke da siririyar auduga mai riƙe jikin saƙar, ɗayar kuma ulu rinanne, mafi yawa da shuni, wanda ke tsallake zaren tsaye ya fitar da zane irin Whig Rose ko Double Bow Knot. Bi da bi ake jefa su. Da an tsallake audugar sau ɗaya, ulun zai zame a wurin, kuma ido zai gani.

Abu na farko da za a duba shi ne ɗinkin tsakiya. Masaƙar ba ta kai faɗin gado ba, don haka falle biyu ko uku ake saƙawa a haɗa. Idan hannun masaƙiya bai daidaita wajen buga matsefi ba, yau da ƙarfi gobe da sanyi, zanen falle ɗaya zai ɗara na ɗayan tsayi, furannin su ƙi haɗuwa. Ɗan saɓani kaɗan ba laifi ba ne, aikin hannu ya gāji haka. Amma idan saɓanin ya kai inci guda, kada a sayi gwadon. Sai a auna zanen: da'ira ta fito da'ira, ba ƙwai ba. Wadda ta baje, an matse bugun da yawa. Wadda ta miƙe, bugun ya yi sako-sako.

Rauninsa ɗaya ne, wato ulun da ke kwance a sama. Idan tsallakensa ya wuce rabin inci, zobe ko farcen kyanwa zai fizge shi. Asu ma ulun yake ci ya bar audugar, shi ya sa tsofaffin gwaduna ke da wuraren da zane ya ɓace.

Wanki da hannu, a ruwan sanyi, ba murɗawa, a shanya a kwance cikin inuwa. Ruwan zafi yana tsuke ulu fiye da auduga, gwadon ya tattare, kuma guga ba ta gyara wannan. A tambayi mai sayarwa ko an riga an yi masa wankin farko, domin a nan ne yake raguwa.