Medicine for Melancholy: na zo kallon soyayya, aka zaunar da ni taron 'yan haya

Duk wanda ya ce muku fim ɗin nan na soyayya ne, rabin gaskiya ya faɗa muku. Sunan darakta Barry Jenkins ne ya ja ni, tunda shi ya yi Moonlight da ya lashe Oscar na gwarzon fim a 2017, wannan kuwa shi ne dogon fim ɗinsa na farko, na 2008. Kun dai san yadda data ta koma, ba a ƙona ta a banza, amma na ce mutumin nan ya cancanci a kashe masa.

Labarin bai da yawa. Wyatt Cenac ya fito a Micah, Tracey Heggins ta fito a Jo, baƙaƙen fata biyu a birnin San Francisco na Amurka. Sun haɗu a wajen wani fati, sun sha sun yi tatil, gari ya waye ba wanda ya san sunan wani. Tun a nan zan ja kunne: ba fim ɗin da za a kunna a falo gaban yara ko surukai ba ne. Ita kunya ta ishe ta, so take kawai ta ɓace, har sunan ƙarya ta ba shi. Sai ta mance walat ɗinta a tasi, shi kuma gogan ya samu dalilin bin ta har gida. Daga nan suka yini tare, a kan kekuna, suna zaga gari.

Wannan ɓangaren ya tafi da ni, wallahi. Yadda suke wanke baki da yatsa a bayin gidan mutane, ba mai iya kallon idon wani. Yadda take amsa masa da kalma ɗaya ɗaya, shi kuma yana ta zuba surutu don kar shiru ya kashe su. Sun je gidan tarihin 'yan asalin Afirka da ke birnin, sun hau lilon dawakai na yara, na fara murmushi ni kaɗai.

Ana cikin haka, sun fito daga cefane da daddare, sai suka tsaya a ƙofar wani ɗaki da ake taro. Kyamara ta bar su a waje ta shige ciki. Mutanen da ban taɓa gani ba, ba kuma zan sake gani ba, suna zaune suna magana kan dokar ƙayyade kuɗin haya da yadda masu kuɗi ke ture talakawa daga unguwanninsu. Ba minti ɗaya ba, ba biyu ba. Kamar ana tsaka da kamu a gidan biki a kashe kiɗa a ce mai unguwa zai yi bayanin rikicin fili. Na taɓa waya in ga ko wani bidiyon ne ya shigo ciki. Ina! Fim ɗin ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, don a daidai lokacin ne yarinyar ta fara sakin jiki da shi, kuma fim ɗin gaba ɗaya bai cika awa ɗaya da rabi ba. Wa ya ce ina da lokacin da zan bayar aro? Idan darakta yana da wa'azi, ya sa shi a bakin jarumansa mana, ai shi ya sa aka ɗauke su.

Abin haushin, bayan na huce sai na ga taron nan ne ya sa na gane Micah. Tun farko ina ganin yawan ƙorafinsa. Komai ya taɓo sai ya kai shi ga launin fata: baƙaƙe kashi 7 ne kacal cikin ɗari a garin, in ji shi, kuma saurayin Jo farar fata ne mai harkar zane-zane, ya yi tafiya Landan ya bar ta a gidansa na Marina, unguwar masu kuɗi, shi kuwa Micah yana wani ɗan ƙurmusun ɗaki a Tenderloin, unguwar talakawa, yana sana'ar haɗa wa mutane tankin kifi na ado. Ashe ba neman magana yake ba. A 1970 baƙaƙe sun kai kusan kashi 13 na mutanen San Francisco. Unguwar Fillmore, wadda ta cika da gidajen kiɗan jaz har ake kwatanta ta da Harlem, shahararriyar unguwar baƙaƙe ta New York, hukuma ta rushe mafi yawanta da sunan gyaran gari a shekarun 1950 da 1960, mutane suka watse. Wanda ya taso yana kallon danginsa na raguwa a garinsu, ba mamaki ya ga mace baƙa a gidan Bature ya ji kamar ita ma ƙwace ta aka yi. To a nan na sauko, na ce Jenkins ya san abin da yake yi.

Amma fa saukowar ba ta daɗe ba. Bayan sun fito daga gidan rawa, a bakin titi, ya rufe ta da faɗa kan saurayin nata. Malam, jiya-jiya ka san ta! Ko cikakken sunanta a katin shaida ka gani. Da wane hurumi za ka tsare ta kana tuhuma? Kuma ba a bar ta ta rama yadda ya kamata ba. Yarinyar nan ba sakarya ba ce. Da ya yi gunaguni cewa an ba baƙaƙe Fabrairu, wata mafi gajarta, don tunawa da tarihinsu, nan take ta gyara masa: Carter G. Woodson, baƙar fata masanin tarihi, shi ne ya zaɓi lokacin saboda ranakun haihuwar Shugaba Abraham Lincoln da Frederick Douglass, ɗan gwagwarmayar kawo ƙarshen bauta. Shi ya ce kafin komai shi baƙi ne, ita ta ƙi yarda a taƙaita ta a kalma ɗaya. Wannan musun nake so a ba ni, mai kai biyu. Sai aka ba shi dogon jawabi, aka ba 'yan taron haya nasu, ita aka bar ta da harara da ɗaga kafaɗa. Da an yanke taron nan an ba ta mintunan, da babu abin da zan ce. Kun ga na sake dawowa kan taron, abin ya tsaya mini a wuya.

Kalar hoton ma a sani: an tsotse ta kusan duka, saura kaɗan ya zama baƙi da fari. Kada a je a kama mai tura fina-finai da rigima, ba laifinsa ba ne. Da gangan aka yi, kuma Jenkins ya ce kalar tana ɗan dawowa a wuraren da su biyun suka mance da zancen launi da gidaje. James Laxton ne ya ɗauki hoton, shi ne dai na Moonlight. An ɗauki fim ɗin cikin kwana 15 da kuɗin da bai wuce dala 15,000 ba, kuma a wasu wuraren sautin yana tona asirin hakan, sai na sa abin kunne.

Mai jiran a ƙare da ɗaurin aure ya adana datarsa. Zan sake kallo, amma ina zuwa ƙofar ɗakin taron nan zan tura gaba.